Faifan da Allura Ke Ci

Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka kawo faifan nan guda biyu gidanmu. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela. Wani direba da ke zuwa Konni ya ajiye su a shagon Baba, an sa su cikin kwalin taliya an ɗaure da tsumman atamfa, kuma wani ya rubuta a jikin kwalin da gawayi cewa kada a ɗora kaya a kai. Da kwalin ya iso gida akwai shaidar gindin jarka a samansa.

Kafin in faɗi abin da ke cikin kwalin, sai na fara da Kawu. Ƙanen Innarmu ne, sana'arsa sa kiɗa a wurin biki. Samarin yanzu da kwamfuta suke zuwa, ko ma waya kawai su jona da lasifika. Shi kuwa na'ura biyu gare shi masu juya faifai, irin na da, da allura a bakin wani siririn hannu. Ya saye su wurin wani mutumin Nijar tun ba a haife ni ba. Samarin suna ce masa dijen tsoffi, yana amsawa. Ba ya yarda a ɗora kayansa a babur, sai a baro, shi yana biye yana riƙe da lema a kan akwatin faifai, kansa kuwa yana cikin rana.

Sai Kaka, mahaifiyar Inna da Kawu. 'Yar Kalmalo ce, ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. Tana da wata waƙa da take yi wa jikokinta mata ranar da aka sa su a lalle. Za ta zauna a gaban amarya, ta ɗora ƙafar amaryar a cinyarta, ta riƙe, sannan ta fara. Waƙar tana bin dangi gida gida: masu kamun kifi a bakin tafki, masu lambun albasa, waɗanda suka ƙetare iyaka suka zauna can. Duk matar da aka zo kan gidansu sai ta ɗaga hannu ta ce a maimaita. Haka ake yi, ba a hana kowa. Waƙar da ba ta kai minti biyar ba sai ta ci rabin yamma.

A shekarar nan muryar Kaka ta fara gudunta. A lallen wata 'yar yayan Inna ta kai tsakiya sai tari ya sarƙe ta, aka ba ta ruwa, ta sake ɗauka, bai yiwu ba. Ta saki ƙafar amarya a hankali ta ce a ci gaba da hidima. Babu wadda ta san waƙar duka. Kowa baitin gidansu ta riƙe.

Kawu ya ce a ɗauki muryar a waya tun da sauranta. Kaka ta ƙi. Ta ce wata rana tana kan kabu-kabu za ta asibiti, sai ta ji muryar wata tsohuwa 'yar Araba da ta sani tana fitowa daga aljihun yaron da ke tuƙa babur ɗin, tana waƙar daka. Yaron ya zaro waya ya katse tsohuwar a tsakiyar magana ya ce alo.

"Ni ba a yi mani haka," in ji ta. "Ina kabari ana kiran mutane da ni su zo su ɗauki buhun shinkafa."

Kawu ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya zo da wata shawara. Yana da aboki a Yamai, abokin ya san wani mutum mai injin yanka faifai. Ba irin na kamfani da ake bugawa da yawa ba. Guda ɗaya tak yake yanka maka, don dijen da ke son ya riƙe waƙar da babu mai ita sai shi. Faifai ba ya shiga aljihu, ba a tura shi daga waya zuwa waya. Kaka ta yarda bisa sharaɗi uku: faifai ɗaya, ba a sa shi sai a lallen jikokinta, kuma da ya iso a goge na cikin waya, nan da can Yamai.

Ni na ɗauki muryar, don ta ce ba ta waƙa a gaban ɗanta. Da hantsi ne, bayan ta sha kunu, lokacin da maƙogwaronta ya fi sakewa. Na kori kazar da ke kwanci a ƙarƙashin gadonta, na cire batirin agogon bango. Ta gyara murya, ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake gwadawa. Sannan ta dube ni.

"Ƙawa, ba ni ƙafarki. Ba ta fitowa hannu wofi."

Na miƙa ƙafar dama, da ƙurar makarantar allo a jikinta. Tafin hannunta busasshe ne, da ɗumi. Ta yi waƙar daga farko har ƙarshe ba tari ko ɗaya. Wajen ƙarshe babban yatsanta ya taɓa mini tsakiyar tafin ƙafa na zabura, ta ce a hankali, "Bar motsi mana," ta ci gaba. Wannan ma ya shiga wayar. Na so in ce a sake, ban ce ba.

To, abin da ke cikin kwalin taliya samfuri ne. Mai injin ya ce faifan da yake yankawa iri biyu ne, mu duba mu zaɓa kafin ya yanka na gaske. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ya kawo na'ura ɗaya ya jona. Inna tana tsinkar zogale. Kaka tana bakin ƙofarta. Baba yana kan kujera daga bakin zaure, ya ba ɗakin Kaka gefe, don bai taɓa zama fuska da fuska da surukarsa ba.

Duk biyun baƙaƙe ne, girmansu ɗaya. Na farko mara nauyi, in ka riƙe shi yana ɗan lanƙwasa, gefensa sumul. Na biyu da nauyi, ba ya lanƙwasa ko kaɗan, yana sheƙi kamar an zuba masa mai. Kusa da ramin tsakiyarsa akwai wani ƙaramin rami na biyu, a bakin ramin kana hango farin ƙarfe. Kuma yana da wari. Ba wari marar daɗi ba, kamar jan farce da aka buɗe a ɗakin da aka ajiye kafur.

Kawu ya kunna saƙon muryar abokinsa, da Hausarsu ta Nijar. Ya ce mara nauyin sunansa binil, roba ne zalla. Yana shekaru ana sa shi bai gaji ba, amma ba ya son zafi, in rana ta same shi sai ya karkace. Mai nauyin sunansa asitet, faranti ne na ƙarfe aka shafe da wani baƙin fenti mai taushi, a cikin fentin ake yanka waƙar. Muryarsa ta fi cika, masu sana'ar sun fi son shi. Sai dai duk sawa ɗaya allura tana ɗan cin fentin. Wajen sau arba'in, in an yi sa'a a wuce haka kaɗan, sai ƙara ta fara rufe waƙar. Daga ranar babu wanda ya sake kiran sunayen nan a gidanmu. Na roba da mai ƙarfe, shi ke nan.

Aka sa su ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ne a kai: wani mutum yana ƙirga ɗaya zuwa goma da Faransanci, sai ɗan kiɗan jita.

Baba ya ce a miƙo masa. Shi kwanuka da tukwane yake sayarwa, kuma duk abin da aka ba shi, ko kankana ce ko agogo, sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina. Ya jinjina na roba, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya taɓe baki. Ya jinjina mai ƙarfe, ya sake jinjinawa.

"Mi za a tsaya dubawa? Wanga shi na kaya. Wancan ko murfin bokiti ban saye."

"An ce wanga cinyewa yakai," in ji Inna ba ta ɗago daga zogalen ba.

"Ƙarfe? Shekara nawa ina sai da ƙarfe, ban ga wanda allura ta cinye ba."

"Ba ƙarfen ba, fentin."

"Fenti a sake shafawa."

Kawu ya yi ƙoƙarin bayyana cewa waƙar a cikin fentin take, in aka sake shafawa an shafe ta. Baba ya saurare shi da haƙuri irin na wanda ake wa bayanin abin da ya riga ya sani. Kawu kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya ce roba ya fi daɗewa. Sai kuma ya tuna wani faifansa da ya bari a baro lokacin bazara ya shiga masallaci, ya fito ya tarar ya zama kamar kasko. Ya ce mai ƙarfe ba ya yin haka. Sai kuma ya ce amma shi ma an ce fentin yana tsagewa in ya sha zafi. Ya sa wannan, ya sa wancan, ya karkata kai, ya rufe ido. Inna ta ce masa tun yana yaro haka yake, in an ba shi ƙosai da waina sai sun huce bai ɗauki ko ɗaya ba.

Aka tambayi Kaka. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai baƙi da baƙi.

Ni kuma ina gefen tabarma ina lissafi, don lissafi ne darasin da na fi iyawa. Jikokin Kaka mata da ba su yi aure ba mu tara ne. Ni ce ta tara. A kowane lalle mata sukan sa a maimaita waƙar sau biyar, sau shida, wani lokaci fiye. Na raba arba'in da shida. Na sake rabawa da biyar. Ko ta ina na bi, ba ta iso kaina ba.

Ina cikin haka Kawu ya juyo.

"Auta, ke ce mai kunne. Ke ka jin in allura ta yi datti tun ban ji ba. Mi kika gani?"

Kowa ya dube ni, har Baba. Na san amsar. Na roba nake so. Amma Kawu ba ya karɓar amsa sai da dalili, zai ce don mi, ni kuma dalilina ɗaya ne: ina so muryar ta kai ranar lallena. Yarinya mai shekara goma sha huɗu ta buɗe baki a gaban mahaifinta ta ambaci ranar aurenta. Ko a cikin raina da na faɗa sai da kunnuwana suka yi zafi. Na nemi wani dalilin da za a iya faɗa, ban samu ba. Na ce wataƙila in na fara da wata magana, sauran za ta biyo.

"Mai ƙarfen yana ƙamshi," na ce.

Inna ta yi dariya. Kawu bai yi ba, ya ce in ci gaba.

"Kuma a cikinsa ana jin mutumin ya ja numfashi kafin ya fara ƙirga. A na roba ban ji sosai ba."

Gaskiya ce, na ji. Na yi niyyar in ce amma. Kalmar tana bakina. Kawu ya riga ya mayar da allura farkon faifan, ya duƙa kusa da lasifika, ya ɗaga yatsa ɗaya. Numfashin ya fito, ɗan gajere, kamar na mai shirin ɗaga kaya.

"Kun ji ko," in ji Kawu.

"Tun ɗazu na faɗi," in ji Baba, ya miƙe ya nufi masallaci.

Har yau ina juya abin. Ban yi ƙarya ba. Ban zaɓi mai ƙarfe ba. Amma in ka tambayi kowa a danginmu wa ya zaɓa, cewa zai yi auta ce, ita ce mai kunne.

Bayan mako uku na gasken ya iso, a cikin kwalin taliya shi ma. Kawu ya sa sau ɗaya don a tabbatar. Kaka ta saurari kanta da baki a ɗan buɗe, ta ce wannan tsohuwar ta iya waƙa, 'yar ina ce. Sannan ta ce in kawo waya.

Kaka ba ta karatu, ba ta san inda ake taɓawa ba. Da na danna wani wuri na ce na goge, da ta yarda. Na zauna a bakin gadonta, wayar tana tambayata ko na tabbata. Na san lissafin da na yi. Na san ba wanda zai bincika. Ita kuwa ba ta ma kallon wayar, fuskata take kallo, tana tauna goro da gefen da take da haƙori.

"An yi?"

Na danna. Na ce an yi. Ban san ko biyayya ce ta sa ni ko tsoro, ko dai kawai yatsana ya riga ni, yadda bakina ya riga ni a tsakar gida.

Lalle na farko da aka yi da faifan na 'yar Kawu ce. Ya ajiye na'ura a inuwar bango, ya rufa mata zane. Kaka ta riƙe ƙafar amarya kamar kullum, faifan yana yi, leɓunanta suna bi. Mata suka kasa kunne. Da aka zo wurin "bar motsi mana" sai amarya ta ƙame, tana zaton da ita ake, aka fashe da dariya. Daga nan hannuwa suka fara tashi. Ta gidan masu kifi ta ce a maimaita. Ta Konni ta ce ba ta ji nasu da kyau ba. Wata ta ce a sake don wurin bar motsi kawai. Kawu yana murna, yana ɗaga allura yana mayarwa. Sau bakwai. Da na koma gida na buɗe bangon baya na littafin lissafi na ja layi takwas, har da na gwaji.

Kaka ta ga lalle biyu da faifan. Ta rasu da damina, ina ajin farko na babbar sakandare. Tun daga nan Inna ce ke riƙe ƙafa.

Ni na fara jin canjin, a lalle na uku. Wata 'yar ƙara a bayan muryar, kamar an sa albasa a mai daga can wani gida. A na huɗu ta matso kusa. Manyan wuraren waƙar, inda Kaka ta ɗaga murya, suna nan. Ƙananan abubuwa ne suka fara tafiya: numfashinta tsakanin baiti da baiti, ƙarar awarwaronta da ta gyara zama. Na faɗa wa Kawu. Ya goge faifan da auduga, ya canza allura, ya ce yanzu fa. Na ce ya yi dama-dama, alhali bai yi ba. Baba ya ce wutar janareta ce ba ta da ƙarfi.

Wani lokaci ina tunanin Kaka ta fahimci saƙon nan fiye da mu duka. Ta ji an ce yana cinyewa, ba ta ce komai ba, ita da ba ta son muryarta ta yi ta yawo bayanta. Wani lokaci kuma ina ganin baƙi da baƙi kawai ta gani, kamar yadda ta faɗa. Na roban da aka kawo samfuri yana nan a akwatin Kawu. Ya sha zafin bazara uku a ɗaki bai karkace ba. Kwanaki na sa shi, mutumin yana ƙirga ɗaya zuwa goma, tas, kamar jiya ya yi.

Watan jiya aka yi lalle na shida, na 'yar ƙanwar Inna da ke Araba. Layukan littafina sun kai talatin da biyu kafin ranar. Aka sa faifan. Inna tana riƙe da ƙafar amarya. Waƙar ta bi gidaje ta zo kusa da ƙarshe, 'yan matan amarya suna ta murmushi suna jiran wurin dariya. Wurin ya zo ya wuce. Ƙara ce kawai, da wani abu a ƙarƙashinta da ba za ka ce magana ba ce sai in ka riga ka sani.

Amarya ta ɗaga mayafi kaɗan. "Ina wurin da take ce mani in bar motsi?"

Wata gwaggo ta ce Kawu ya tsallake, a mayar baya. Hannuwa biyu suka tashi. Kawu ya kai hannu kan allura.

"Ba da ke take ba," na ce. "Da ni take. Ƙafata ta riƙe ranar."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga duk sun juyo. Tsakar gida cike da mata, wasu ban ma san su ba. Na ji kamar in shige cikin kwaryar lallen.

"Ashe auta ta riga kowa shiga lalle ba a gayyace mu ba," in ji gwaggon. "Wane ne angon?"

Aka yi dariya har da tafi. Wata ta ce a nemo mini mayafi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi faifan, na ga leɓunanta suna motsi, ta lanƙwasa yatsu uku a kan ƙafar amarya. Sannan ta dubi ƙanenta.

Kawu ya ɗaga allura, ya mayar da hannun mazauninsa, ya kashe na'urar.

"Sau guda za a riƙa yi daga yau," ya ce. "Akwai na baya."

Ta Konni ta ce wannan ba al'ada ba ce, tun tana yarinya ake maimaitawa. Ta gidan masu kifi ta ce ita ta taso tun safe don baitinsu. Inna ta ce duk mai son baitin gidansu ta tashi ta yi da bakinta, ai kowa ta san nata. Aka yi ta gunaguni. Can wata tsohuwa ta fara, muryarta na rawa, ta ɓata kalma biyu. Na san daidai ɗin, na faɗa wa Inna a kunne, ita ta gyara mata.

Kawu ya miƙo mini faifan in mayar cikin takardarsa, bai dube ni ba. Na riƙe shi ta gefe yadda ya koya mini. Nauyinsa yana nan yadda Baba ya jinjina shi. Na kai hanci kusa da ramin tsakiya, ƙamshin ya ragu sosai amma bai ƙare ba.

Layi talatin da uku ke nan. Saura biyu a gabana, ɗaya an sa rana bayan sallah. In Kawu ya riƙe maganarsa, nawa zai zama na talatin da shida. Mutumin Yamai ya ce wajen arba'in, amma bai faɗi me ake ji a na talatin da shida ba, ni kuma ba ni da halin gwadawa, don gwajin ma layi ne.